Tambayar yarinyar nan ta majalisa

Ƙafafuna duk sun kumbura. Wadda ta ba ni shawarar sa takalmi mai tsini yau ba ta taɓa bin hanyar ƙarƙashin ƙasa daga ginin Cannon zuwa Rayburn, inda ofisoshin 'yan majalisar wakilan Amurka suke, ba.

Yau ce ranar da 'yan ƙungiyarmu ta FPA, ta masu tsara wa jama'a harkar kuɗi, daga jihohi daban-daban muke haɗuwa a Washington mu kai kukanmu majalisa. Aikin sa kai ne, ofis na rufe na taho. Da safe aka raba mu rukuni-rukuni, kowa da takarda shafi ɗaya a hannu.

Maganar dai kun san ta, na ishe ku da ita. Tun 2022 ƙungiyar ta sa a gaba cewa doka ta fayyace wanda ya cancanci a kira shi mai tsara wa jama'a harkar kuɗi. A ƙasar nan wanzami ma sai da lasisin jiha yake taɓa kan mutum, amma kowa na iya buga kati ya laƙaba wa kansa sunan sana'armu. Ni kuwa kafin in samu shaidar CFP, ta ƙwarewa a sana'ar, sai da na kawo digiri, na zauna jarrabawar awa 6, na cika awa 6,000 ina aiki. Lardin Ontario na Kanada ya yi tasa dokar tun 2019.

A ofishin da muka fi sa rai, ɗan majalisar ya tafi kaɗa ƙuri'a. Mai taimaka masa ce ta fito, yarinya sa'ar Auta, ta saurare mu a tsaye a bakin ƙofa tana rubutu. Da muka kai aya sai ta ce, “Na gane. To amma wa aka cuta? Akwai wani a mazaɓarmu da zai yarda ya ba mu labarinsa?”

Dattijon rukuninmu ya shiga kawo mata dokar masu ba da shawarar zuba jari ta 1940 da ƙa'idar da hukumar SEC, mai sa ido a kan kasuwar hannun jari, ta fara aiki da ita a 2020. Ta saurara cikin ladabi, amma na ga ta mayar da murfin bironta.

Ni kuwa sunan Baba Alhaji na bakina. Mutumin da ya tsufa a kan sitiyarin tasi, yana tara abin da zai ƙarasa gininsa na gida. Wani mai irin katin nan ya sa masa kuɗin kaf a wata yarjejeniyar inshora mai ɗaure kuɗi shekara da shekaru. Da zancen rufin gini ya taso ya je cira, aka ce sai an yanke masa tara mai kauri. Komai na rubuce a takardar da ya sa wa hannu, shafi na nawa ne ma. A leda ya kawo mini takardun, da daddare, don kada a gan shi.

Na haɗiye sunan. Amana ce.

Bayan magariba na kira shi. Muka gaisa, ya tambayi Maigida da yara, sannan na kewaya na zo kan maganar.

“Baba, ko ba a faɗi sunanka ba?”

“'Yar nan, a masallacinmu 'yan tasi nawa ne ke gini a gida? Ai ko yaro ya ji ya san ni ne.”

“Baba, don kada a yi wa wani ne.”

“Allah ya yi miki albarka. Ki bar ni da rufin asirina. Rabon wani ne ya fita.”

Ban ƙara ba. Raina dai a jagule yake, domin yarinyar ta yi tambayar da ta dace, shi ma Baba yana da gaskiyarsa. Masu adawa da mu ba sa rasa wanda zai yi musu magana. Namu shaidun suna gida, kunya ta rufe musu baki.

Abincin rana gurasa mai sanyi da ganye. Azahar da la'asar sai a masauki na haɗa.

An riga an turo saƙo ana neman wanda zai shiga kwamitin ƙungiyar na jiha na bana. Maigida ya ce in kwana tukuna kafin in amsa, wai ya san halina. Jirgina na bakwai na safe.