Darussan da na koya wajen auna aikin ƙwayoyin gado a tantani ɗaya-ɗaya

Kwantiragina ya ƙare a ɗakin binciken da na yi aiki a Jidda, kuma ga ƙannena masu shigowa wannan fanni nake wannan rubutu. Daga 2009 da aka fara karanta dukkan RNA (kwafin saƙon da ƙwayoyin gado ke fitarwa idan suna aiki) na tantani guda, zuwa 2015 da aka fito da dabarar killace kowane tantani a cikin ɗigo tare da lambar shaidarsa, aikin ya yi sauƙi ƙwarai, kuma sauƙin nan ne yake ruɗar manya.

Shugaban sashenmu ya ga wani rukunin tantanai a taswirar sakamako, waɗanda RNA na ƙwayoyin gado biyu, FOS da JUN, ya yi yawa a cikinsu, nan take ya yanke cewa mun gano sabon nau'in tantani. Na ce masa: "Dakta, tsokar nan ta daɗe a sinadarin narkarwa mai raba tantanai a zafin digiri 37 na Celsius, kuma tantanin da ake raba shi da 'yan'uwansa yakan kunna waɗannan ƙwayoyin gado saboda wahalar da yake sha." An wallafa wannan tun 2017, don haka ba ni na ƙirƙira ba. Na roƙi a maimaita narkarwar a sanyi. Ya amsa a gaban ɗalibai cewa aikina ya tsaya ga bututu da safar hannu, fassara kuwa ta masu digiri na uku ce. Wanda igamarsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ke hannun wurin aikinsa ya san inda musu yake tsayawa, sai na yi shiru.

Da aka aika takardar binciken don wallafawa, masu bitar mujalla suka dawo da ita da wannan hujja tawa, kusan kalma da kalma. Aka maimaita a sanyi, rukunin ya ɓace. A taron sashe aka ɗora laifin a kan "mai shirya samfur", kuma littafina, inda nake rubuta minti da zafin kowane mataki da sunan wanda ya ba da umarni, shi kaɗai ya hana maganar shiga fayil ɗina. Da takardar ta fito daga baya, babu sunana ko a layin godiya.

Sauran darussan gajeru ne. Sifili a jadawalin sakamako ba ya nufin ƙwayar gadon a kashe take, domin kaɗan ne daga RNA ɗin tantani ake kamawa. Yawan RNA na mitokondiriya, sashen tantani mai samar da makamashi, alama ce ta tantani mai mutuwa. Kada ka yarda a sarrafa samfurin marasa lafiya yau, na masu lafiya gobe, ko da Dakta ne ya ce lokaci ya ƙure, domin bambancin ranakun zai fito a sakamako da kamannin bambancin cuta.