Sana'ar kamun iguwana a kudancin Florida

Mutanenmu in sun tambaye ni me nake yi a Amurka nakan ce kamun ƙadangaru, kuma gaskiyar kenan. Ɗan kamfani ne da ni a yankin Broward kusa da Fort Lauderdale, ni da yarana biyu da mota ɗaya mai buɗaɗɗen baya, da shi nake riƙe iyali har nake aika ɗan abin da ya samu gida.

Wadda ta fi ba mu aiki ita ce koriyar iguwana. Ba 'yar nan ba ce, asalinta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, tun shekarun 1960 aka fara ganinta a wajen Miami, yawanci masu kiwonta a gida don sha'awa ne suke sakinta in ta girma ta fi ƙarfinsu, wasu kuma su kuɓuce. To nan ga zafi ga ruwa ko'ina, kusan kowace unguwa akwai magudanar ruwa a bayan gidaje, ita kuma gwanar ninkaya ce, sai ta samu wurin zama. Babban namiji yana wuce ƙafa 5 in ka haɗa da jela, nauyi ya kai kilo 7.

Kwastoma in ya kira, kukansa bai wuce sun cinye masa fulawa, sun ɓata mangwaro, sun yi kashi a bakin wurin ninkayar yara, kuma kashin nan yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela don haka ba na raina kukan. Amma ni ina isa gida ba sama nake fara kallo ba, ƙasa nake kallo. Sai na bi bakin katangar siminti da ta tare ruwa ina takawa a hankali, in na ji ciyawa ta lotsa ƙarƙashin takalmina to na san akwai rami, kuma ba ƙarami ba, don macen tana tona hanya mai tsawo ta shige ƙarƙashin daɓe ta zuba ƙwai, daga 14 har 76 a zubi ɗaya. Ƙwan fari ne, ɓawonsa da taushi, in ka danna sai ya lotsa bai fashe ba. Ruwan sama na zuwa ya bi ramin ya kwashe ƙasar, wata rana mai gida ya tashi ya ga katanga ta tsage ko ta karkata. A 2020 birnin West Palm Beach sai da ya kashe wajen dala miliyan 1.8 a gyaran wata madatsar ruwa da raminsu ya taimaka wurin lalata ta. Ga shi ba dama ka yi ta haƙa a jikin katanga kana bin rami, ƙadangaren bakin tulu kenan, sai dai a bi a hankali, a tabbatar babu kowa ciki, a kwashe ƙwan, a cika da tsakuwa a shimfiɗa ragar waya a rufe.

Kayan aikinmu ba su da yawa, doguwar sanda mai zarge a baki, kejin tarko da muke sa wa yankan mangwaro ko kankana, safar hannu mai kauri saboda farce da bulalar jela, sai bindigar iska a inda hukuma ta yarda. Da hantsi muka fi samunsu lokacin da suka fito shan rana.

Maganar doka kuma, tun 2021 hukumar namun daji ta jihar, FWC, ta sa iguwana da guza da tegu, wani babban ƙadangare ɗan Amurka ta Kudu, cikin dabbobin da aka haramta ajiyewa sai da izini. In ka kama ba ka da ikon kai ta wani wuri ka saka, kashewa ake yi, kuma ba tare da azabtarwa ba. Wannan wurin ba na wasa da shi wallahi. Akwai masu zuba guba, akwai masu nutsar da keji cikin ruwa, duk yaron da zai yi aiki da ni ranar farko nake gaya masa ba a haka a motata. Dabbar nan ba ita ta kawo kanta ba, mutum ne ya kawo ta, in ya zama dole a raba ta da ranta to a yi nan take.

Lokacin sanyi in ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius jikinsu yana fara sandarewa, in ya ƙara sauka su riƙa faɗowa daga bishiya, har hukumar yanayi ta Miami ta yi gargaɗi a kai a Janairun 2020. Ba mutuwa suka yi ba, dan Allah kar wani ya ɗauka ya jefa a mota, tana jin ɗumi za ta farfaɗo.

Ba iguwana kaɗai ba ce. Jan gwada namu na gida, mai jan kai ɗin nan da ke gyaɗa kai a kan katanga, shi ma ya cika wuraren ajiye motoci a gabashin jihar, ta hanyar cinikin dabbobi ya shigo daga Afirka ta Yamma. Guza kuma ta kafu a Cape Coral, shi kuma tegu na Ajantina ƙwan kada da na kunkuru yake bi yana sha, shi ya fi tayar wa masana hankali.

Abin da ba na yi shi ne alkawarin ƙarewa. Ka kwashe goma yau, wasu goma na tsallaken ruwa suna jiran wurin, balle in maƙwabci yana watsa musu ganye da 'ya'yan itace wai tausayi. Shi ya sa nake ce wa mai gida ya rage rassan da suka taɓa rufi, a naɗa wa gindin bishiya falankin ƙarfe mai santsi, ya riƙa tsince mangwaron da ya faɗo, in zai sake shuka ya sa lemo don ba su damu da shi ba, sannan mu yi yarjejeniyar zuwa duk wata, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu da mata ke neman wurin tona.