Besbol da hirar kuɗi a Bronx

Bahaushen da ya sauka Bronx a birnin New York, daga zangon Kumasi ya fito ko daga Maraɗi, ba zai rasa masallaci ba, ba zai rasa inda zai ci tuwo ba. Abin da ke wuya shi ne samun bakin magana da waɗanda ba naka ba. A wurin wankin mota da na fara aiki, yawancin abokan aikina 'yan Jamhuriyar Dominika ne, kuma hirarsu ɗaya ce daga safe har yamma: besbol.

Dokokin wasan sun daɗe suna ruɗa ni. Lissafin kuɗin ne ya fara shiga kaina. A ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka akwai iyakar abin da kulob zai kashe a albashi, amma a besbol babu. Sai dai haraji: a 2025, kulob ɗin da ya wuce dala miliyan 241 yana biyan tara, masu hali kuwa su biya suna dariya. Kulob ɗin Dodgers ta ɗauki Shohei Ohtani a kan dala miliyan 700, ta jinkirta biyan miliyan 680 sai bayan shekara goma. Mets ta ba Juan Soto miliyan 765. Ranar da Soto ya bar Yankees, kulob ɗin Bronx, ya koma Mets, wani dattijo a wurin aikinmu ko gaisuwa bai amsa ba.

Shi dattijon ne ya fahimtar da ni ɗaya ɓangaren. Sabon ɗan wasa ba shi da ikon zaɓar kulob sai ya yi shekara shida. Paul Skenes na Pittsburgh ya ci kyautar Cy Young, wadda ake ba gwanin masu jefa ƙwallo, a 2025 alhali albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya ba. Masu ƙananan kulob suna kukan talauci, ga shi ana raba musu kaso daga kuɗin manya. Ni dai kukan nan bai cika kama ni ba.

Rigimar saka iyakar albashi ce ta jawo yajin aikin 'yan wasa a 1994, har aka fasa gasar ƙarshe ta shekarar. Wa'adin yarjejeniyar da masu kulob da 'yan wasa suka ƙulla a 2022 shi ne Disamban 2026. Yanzu tasi nake ja, kuma daren da Yankees ke wasa a gida, layin 161 da ke bakin filinsu kaɗai yana cika mini aljihu. Idan rigimar ta dawo aka rufe filin nan, mu direbobi za mu ji a jikinmu kafin Soto ya ji.