Ƙunar da ba ta ji ba

Abin ya hwaro ne daga tukunyar tuwo. Ƙanwata ta sauke ta hannu tsirara, muna kallo a tsakar gida nan Birni na Damagaram, yatsu suka tashi amma ita ko a jikinta, wai ba ta ji zahi ba. Inna ta ce wannan iska ne, aka yi ta rubutu da hayaƙi kusan shekara. Ga kuma ciwon ƙeya da ke sara mata in ta yi tari ko atishawa, mu ko muna ta ba ta parasetamol.

Sai da muka hau kar zuwa Yamai, kilomita wajen 900, aka yi mata IRM, wato hoton cikin jiki na na'ura, sannan lokotoro ya nuna min hoton. Ashe ƙoƙon kanta ne ta ƙasa ya yi ƙaranci, sai gindin ƙaramar ƙwaƙwalwar baya ya zurmo ta ramin da laka ke hita, ya toshe ma ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa hanya, shi ne ruwan ya taru cikin lakar baya kamar gora, shi ya sa ba ta jin zahi. Suna ce ma ciwon Kiyari, sunan wani likitan Ostiriya da ya bayyana shi a 1891, kuma zurmowar in ta kai milimita 5 suke hwara zargin shi.

Ni abin da ya ɗaure min kai, ruwa na cikin baya amma a ƙeya za a yi aiki. Na ce lokotoro ya haka? Ya yi dariya ya ce in rariya ta toshe ai ba tsakar gida kake kwashewa ba. Suna cire ɗan ƙashi a ƙeya, galibi har da bayan ƙashin wuya na hwarko, su buɗe hwatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa su yi mata ƙari don wuri ya samu, ruwan ya koma gudu, gorar kuma ta dinga motsewa a hankali cikin watanni. Sa tiyo cikin lakar sai in wannan bai yi ba.

Bai ɓoye mana ba, aikin tsayar da ɓarna yake, abin da ya riga ya mutu ba lalle ya dawo ba. Haka ko aka yi, ciwon ƙeya ya tahi alhamdulillahi, amma hannun dama har yau bai rarrabe ruwan zahi da na sanyi sosai, Inna ce ke taɓa mata ruwan wanka kahin ta shiga.