Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Yatsu Biyu da Suka Sa Ni Koyon Sinanci

A makon jiya na tsaya a inda Alhaji ya miƙo mini fasfo ɗina da biza a ciki, ya ce a wannan karon ni zan je saro kaya, shi ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya. Watan Oktoba ne na 2018. Shekarata tara ina tsaron shagonsa a kasuwar waya ta Farm Centre, amma ban taɓa wuce Legas ba. Muka tashi daga Kano, muka yada zango a Addis Ababa, daga nan sai birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Na sauka a unguwar Xiaobei, inda yawancin 'yan kasuwar Afirka suke sauka. Lokacin ya zo daidai da baje kolin Canton (wani sunan Guangzhou ke nan), wanda ake buɗewa sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, don haka gari ya cika ya batse, kuɗin ɗaki ma ya tashi. Abin da ya fara razana ni shi ne wayata. WhatsApp ba ya tafiya, Facebook shiru, Google ko motsi. An gaya mini tun a gida cewa a can an toshe su, amma ji daban, gani daban. Kowa WeChat yake amfani da shi, daga mai masana'anta har mai sayar da lemo a bakin titi.

Alhaji ya haɗa ni da tafintan da ya saba aiki da shi, ɗan Afirka ne ɗan'uwanmu, ya daɗe a garin. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa barina da yunwa ba. Shi ya nuna mini haruffa biyu da ake rubutawa a ƙofar gidan abincin Musulmi, waɗanda ake karantawa qingzhen, ya ce duk inda ban ga su ba kada in zauna. Su ne haruffan Sinanci na farko da idona ya riƙe.

A kwana na uku muka shiga wani shago na masu caja. Matar da ke wurin ta ɗauko samfur, na duba, na ce a tambaye ta kuɗinsa idan zan ɗauki dubu uku. Suka yi ta magana da tafinta. A tsakiyar maganar sai na ga ta ɗaga hannu, ta miƙe babban yatsa da manuniya, sauran ukun a naɗe, kamar yaro yana wasan bindiga. A raina na ce yuwan biyu na kuɗinsu? Ai wannan banza ta faɗi. Sai tafinta ya juyo ya ce, "Goma ne, ta ce ba ragi." Na ɗauka yatsun wata magana ce daban. Na biya.

Bayan na dawo Kano da kamar mako uku, ina kwance da daddare ina latse-latsen YouTube, sai na ci karo da wani bidiyo na yadda mutanen Sin suke ƙirga da hannu ɗaya. Shida, babban yatsa da ƙaramin yatsa. Takwas, babban yatsa da manuniya. Na mayar da bidiyon baya sau uku. Barci bai ƙara zuwa mini ba a daren nan. Yuwan biyu a kan kowace caja, sau dubu uku.

Da safe na sami Alhaji yana shan shayi a shago. Na durƙusa na ce, "Alhaji, an ci mu." Na kwashe labari na faɗa masa, har da nuna masa yatsu. Ya yi dariya har da ajiye kofi.

"Kai yaro, ka ɗauka ban sani ba? La'adarsa ce. Shekara nawa ina zuwa. Wanda ba shi da baki ai sai ya yi hayar na wani."

Yanzu da na girma a harkar na fahimci Alhaji, kuma ban riƙe mutumin nan a raina ba, wahalarsa yake ci. Amma a ranar raina ya ɓaci, kuma ɓacin ran ne ya sa na sayi data na sauke manhajar koyon harshe ta farko a rayuwata.

Da Duolingo na fara, don shi kowa ya sani, kuma tun ƙarshen 2017 suka sa darasin Sinanci. Na haɗa da HelloChinese. Matsalata ta farko ba daga Sinancin ta zo ba. Duk manhajojin da na samu da Turanci suke koyarwa, ni kuwa a aji uku na sakandare na ajiye boko. Sai ya zama ina hawa katanga biyu: in gane Turancin tukuna, sannan in gane abin da ake koya mini da shi. Wata rana na yi minti goma a kan jimla ɗaya, ashe Sinancin na riga na gane, kalmar Turancin ce ta tsaya mini a wuya.

Sai kuma pinyin, wato rubuta Sinanci da haruffan boko, tsarin da gwamnatinsu ta amince da shi a 1958. Haruffan ka san su, amma tarko ne. Inda suka rubuta q, abin da za ka ji ya fi kusa da c ɗinmu na "ciki". Inda suka rubuta c, ya fi kusa da ts. Harafin x kuwa wata sh ce siririya da ake fitarwa ta tsakanin haƙora. Da na ga boko yana rikita ni, sai na sayi littafi mai shafi sittin na riƙa rubuta abin da kunnena ya ji da ajami. Dabarar ba ta kai ni nesa ba, amma ta fitar da ni daga watan farko.

Inda na ji daɗin abin shi ne wajen karin sauti. Duk malamin da na kalla a YouTube sai ya fara da gargaɗi, wai a nan baƙi suke faɗuwa: gaɓa ɗaya, ma, idan ka ɗaga murya ka riƙe ta a sama uwa ce, idan ka hau da ita wani tsiro ne irin rama, idan ka nutsa ka taso doki ne, idan ka sauko da ƙarfi zagi ne. Turawa a ƙarƙashin bidiyon suna ta kuka. Ni kuwa na ce, to mene ne sabo a nan? Wane Bahaushe ne zai haɗa kukan yaro da kukar miya, ko wuyan riga da wuyar aiki? Mu ma da hawa da saukar murya muke rarrabe su, rubutawa ne kawai ba ma yi.

Kalmomi biyu da ɗan kasuwa ba zai rayu ba sai da su, saye da sayarwa, a Sinanci duk mai ne, murya ce ta raba su. Na sayarwa yana saukowa daga sama, daidai yadda muke cewa mai, na gyaɗa ko na mota. Na saye kuwa a ƙasa yake zama, kusa da mai ɗin da ke cikin "mai gida". Ranar da na gano wannan ina tsaye a bakin kanta, na buga tebur har abokin ciniki ya zabura. Na ce wa kaina: mai gida ke saye, mai ake sayarwa. Ban ƙara haɗa su ba har yau. Wanda ya ba ni wuya shi ne sauti na biyu, mai hawa, don mu a Hausa muna da na sama da na ƙasa da mai saukowa, mai hawa ne babu. Na yi wajen wata biyu ina naɗar muryata a waya ina saurare, ina jin kaina kamar mai tambayar da ba a amsa ba.

Uwargida ta sha kallo. Wata rana da asuba ta same ni a tsakar gida ina ta "ma, ma, ma", ta tsaya da buta a hannu ta ce, "Abban Ummi, lafiya kuwa? In kira Inna ne a yi maka tofi?"

Bayan wata uku na lura da wani abu da bai yi mini daɗi ba. Ina cin maki a wasannin manhaja, kwanaki suna ta jeruwa ba fashi, amma idan na rufe wayar na nemi kalma a kaina sai in ji wayam. Zaɓen amsa a cikin huɗu da aka jera maka ba hadda ba ce. Wani ɗalibin jami'a da ke zuwa gyaran waya ne ya nuna mini Anki. Ba kwalliya a cikinsa. Kati ne, gaba kalma, baya ma'ana. Idan ka tuna, sai ya ɗage dawo maka da katin zuwa 'yan kwanaki, ka sake tunawa ya ƙara nisa, har ya kai watanni. Ka manta kuwa, ya dawo da kai farko. Na dube shi na ce, ai wannan tilawa ce. Shekara shida na yi a makarantar allo kafin boko, kuma malaminmu ba ya bari ka wanke allo sai ka biya ba gargada, sannan na baya yana nan yana jiranka ranar bita. Abin da gardi yake yi da bulala, shi wayar take yi da lissafi.

Sai na zubar da katunan da wasu suka shirya da Turanci, na riƙa yin nawa, bayansu da Hausa. Na ɗauko jerin kalmomin HSK, jarrabawar gwada iya Sinanci, wadda a lokacin matakinta na farko kalma 150 ne, na uku 600, na cire abin da bai shafe ni ba, na cusa nawa: kwali, samfur, kuɗin ajiya, launi, jabu, jirgin ruwa. Wanda ban sani ba in zana harafinsa da yatsa a ƙamus ɗin Pleco ya fito mini da shi. Lissafinsu ma sai da na yi masa katuna na musamman, don su manyan kuɗi da wan suke ƙirga su, wato dubu goma. Dubu ɗari a wurinsu wan goma ne. Ka yi sakaci a nan, sifiri ɗaya ya tafi da jarinka.

Bidiyo da datar dare nake saukewa, mai araha, in kalla da rana idan kasuwa ta yi sanyi. Caji a shago, don gida sai a yi kwana biyu ba wuta.

Akwai ranar da na yi ƙyuya na jefa Hausa cikin wata manhajar fassara, ina neman kebul baƙi guda ɗari biyar. Allon wayata ba shi da ƙ mai lanƙwasa, sai na rubuta baki. Matar shagon ta turo mini alamar tambaya har uku, ta biyo da hoton leɓe. Daga ranar na daina ba na'ura amanar ciniki.

Ita wannan matar ce ta zama malamata ba tare da ta sani ba. Na karɓi WeChat ɗinta tun zuwan farko. Tsakaninmu da su awa bakwai ne, don haka idan na idar da sallar asuba su rana ta take. Saƙon murya a WeChat ba ya wuce daƙiƙa 60, ita kuma sai ta cika shi taf. In saurari guda ɗaya sau goma, in tsinci kalma huɗu, in haɗa sauran da hasashe. Amsata ta daƙiƙa bakwai kan ɗauke ni rabin awa ina gwaji kafin in danna. A nan na gane lafazinta ya bambanta da na malaman YouTube. Irin na mutanen kudu ne, ba ta naɗe harshe, sai shi, wato goma, ya fito mata kamar si, wato huɗu. Murya kaɗai ke raba su, huɗu yana saukowa, goma yana hawa. Sautin nan da ya wahalar da ni wata biyu, shi ya zama mai gadin aljihuna.

Oktoban 2019 na koma. Ban sallami tafinta ba, Alhaji ya hana, amma na ce masa ranar farko zan zaga ni kaɗai. Na shiga shagon, zuciyata tana dukan uku-uku, na ɗauki caja na ce, "Laobanniang, duoshao qian?" Wato uwar shago, nawa ne. Ta dube ni, ta dubi wayarta, ta gane muryar. Ta tafa hannu tana dariya, ta kira na cikin shago su zo su ga mutumin Najeriya. Ta ce takwas. Na ce, "Tai gui le", ya yi tsada. Muka ja, muka ja, na ce bakwai, ta ce bakwai da rabi. Ko kalkuleta ba mu taɓa ba. Gumi ya jiƙa mini riga duk da na'urar sanyaya ɗaki.

Kafin ta rubuta rasit sai ta juya wajen ƙaninta da ke ɗaure kwali, suka shiga magana da sauri, suna kallona. Na kasa kunne iya ƙarfina. Ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Na ce mata, "Ting bu dong", na ji amma ban gane ba. Ta yi murmushi ta ce ai wannan ba wanda na koya ba ne, yaren garinsu ne, na Canton, kuma shi karin sautinsa shida.

Na karɓi rasit ɗina na fito. Wata biyar bayan haka, a ƙarshen Maris na 2020, ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga baƙi saboda korona, kayanmu rabi an biya rabi ba a biya ba, tafinta kuma wayarsa a kashe. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.