Ranar da na ƙi yin taf

Saura kwana tara in bar Abu Dhabi. Kayana sun riga sun yi gaba zuwa Kano, jaka ɗaya ta rage, a cikinta har da rigunan gi (kayan wasan jiyu-jitsu) guda biyu da shuɗin bel ɗina. Tun da na sanar a zaurenmu na WhatsApp cewa zan koma gida, mutum uku cikin sababbin zuwa suka biyo ni da tambaya iri ɗaya: wace makarantar jiyu-jitsu za su shiga? Ba zan kama sunan kowace ba. Zan dai gaya muku yadda na zaɓi ta farko da abin da zaɓin ya jawo mini.

Wanda ya zauna a garin nan ya san neman wurin koyo ba ya wahala. Tun da Shaikh Tahnoon bin Zayed ya kafa gasar ADCC, ta kokawar miƙa wuya, a 1998 wasan ya samu gindin zama, har a makarantun gwamnati ana koya wa yara, malamai 'yan Barazil kuwa ga su nan ko'ina. Yawan ne ma yake ruɗa baƙo.

Ni da kokawa na taso. A ƙauyenmu can wajen Gumel, da an gama kaka an shiga fili, kuma ba na cikin waɗanda ake kayarwa da wuri. Na ɗauka wannan zai taimake ni, kuma ya taimaka a tsaye. Abin da ban lura da shi ba shi ne, a kokawa ƙasa ce take yanke hukunci. Ka faɗi, an gama, makaɗa sun canza kiɗa, babu mai tambayarka ko ka sallama. A jiyu-jitsu kuwa faɗuwa ce farkon magana, kuma da hannunka za ka bubbuga jikin abokin karawarka ka shaida masa ya fi ka. Wanda aka raina a kan cewa namiji ba ya cewa wayyo, wannan bugun hannun, da ake kira taf, yana yi masa nauyi fiye da yadda zan iya kwatantawa.

Daren da na fara shiga makarantar, bango na kalla. Lambobin yabo reras, kofuna a kan kanta, ga wata takarda cikin gilashi mai ɗauke da salsalar malamin: wane ya ba shi baƙin bel, wato matakin ƙwararru, shi kuma wane ya ba shi, har zuwa gidan Gracie, dangin da suka yaɗa wasan a Barazil, har zuwa Mitsuyo Maeda, mutumin Japan da ya sauka Barazil a 1914. Mu da muka yi karatun zaure mun san darajar a ce wane ya ɗauka daga wane, don haka nan take na sakankance. Aka ce mini in na biya kuɗin shekara gaba ɗaya akwai ragi. Ko darasin gwaji ban nema ba, na sa hannu.

Alamomi sun bayyana tun makon farko, ni ne ban san karanta su ba. Babu ajin 'yan koyo daban, ranar da ka zo ranar za a jefa ka rolin, wato karawar gwaji da abokin horo. Masu farin bel, wato 'yan koyo, suna zuwa suna ɓacewa, wanda ka gani wannan watan da wuya ka gan shi wata mai zuwa. A cikin mutum talatin da wani abu babu mai furfura ko ɗaya. Farfesa kuma, kamar yadda muke kiran mai baƙin bel, hankalinsa na kan yaransa biyar ko shida masu zuwa gasa, mu sauran kamar buhunan da suke gwada ƙarfi a kai ne. Yana da labari ɗaya da yake yawan ba mu in mun yi sahu a ƙarshen darasi: yadda a 1951, a filin Maracanã na birnin Rio, Masahiko Kimura ya kama hannun Hélio Gracie ya murɗe, Hélio ya ƙi miƙa wuya. Daga nan kamun ya samu sunan kimura. Farfesa yakan tsaya a nan, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce irin wannan zuciyar yake nema a tabarmarsa. Wanda ya yi taf da wuri sai ya ji sunansa a bakin Farfesa a gaban kowa.

Wata na huɗu, wani daren Alhamis, saura kwana goma gasa. Ya haɗa ni da ɗaya daga cikin yaransa, mai shuɗin bel, matakin da ke gaba da fari, ya fi ni nauyi nesa ba kusa ba. Na kayar da shi a tsaye, abin da na iya ke nan, kuma na ga ransa ya ɓaci. Kafin minti ɗaya ya juye ni, ya danne ni ta gefe, ya riƙe wuyan hannuna na dama, ya zura ɗaya hannun ta ƙarƙashin damtsena ya kulle. Na san kamun, an nuna mana shi. Ya fara tura hannun ta bayana. Farfesa yana tsaye a kanmu yana ɗaga murya: kar ka yi taf, juya, fita, akwai hanya. Hannuna na hagu a sake yake, yana kan bayan yaron, bugu biyu kawai ake buƙata. Na ji kafaɗar tana miƙewa, na ce bari in ƙara daƙiƙa ɗaya. Sai na ji wata ƙara daga cikin jikina, kamar an yage sabon yadi.

Abin da ba a gaya mini ba, wanda ya kamata a gaya wa kowa ranar farko, shi ne kamun gaɓa ba ya jiran zafi ya kai maka saƙo. In jini ya ɗau zafi, jijiya tana iya yagewa kafin ka ji ciwon da zai sa ka sallama. Lokacin taf shi ne sa'ad da aka kulle kuma ka san ba ka da mafita.

Laifina ban ɓoye shi ba, hannuna ne, ni na ƙi bugawa. Amma ni wata huɗu gare ni a tabarma, shi kuwa ya haura shekara ashirin, yana tsaye taku ɗaya daga kafaɗata yana ganin inda hannun ya kai. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tsayar da yaron.

Aka ba ni ƙanƙara a leda na zauna a gefe, darasi ya ci gaba. Ni na tare wa kaina tasi zuwa asibiti. Hoton MRI ya nuna yagewa a cikin gaɓar kafaɗa. Mako shida hannu a rataye, sannan watanni ina zuwa gashi. Aikina gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, rabin yini hannuwana a sama suke, don haka aka mayar da ni sito, kuɗin ƙarin lokaci ya yanke, abin da nake turawa gida ya ragu. Hajiya ta tambaye ni a waya ko lafiya, na ce mata aiki ne ya yi sanyi. Har yau ban gaya mata gaskiya ba. Kabbarar harama ma sai da na yi wata biyu ina ɗaga hannu ɗaya.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya ya faru ne ranar da na koma da takardar likita, ina roƙon a dakatar da lissafin watannina har in warke. Farfesa bai ja ni gefe ba. A gaban ɗalibai ya ce yarjejeniya yarjejeniya ce, kuma wanda bai yi taf ba shi ya ji wa kansa ciwo, kowa ya san doka. Bakin da ya ce kar in yi, shi ne ya ce don me ban yi ba. Na dubi mutanen da suke wurin a daren, duk suka sunkuyar da kai. Kuɗin wata takwas na bar musu. Daga baya na ji yana kirana creonte, sunan da 'yan Barazil suke laƙaba wa ɗalibin da ya bar malaminsa ya koma wani wuri, wato maci amana.

Mutum ɗaya ne ya zo duba ni a unguwar Musaffah, wani ɗan Sudan mai bel ruwan shunayya da ya riga ni barin wurin. Kakanninsa Hausawan Mai Wurno ne, Hausarsa tana nan daram. Na ba shi labari har na kawo zancen Hélio. Ya ce, “Ƙanena, ai rabin labarin ya ba ku. Da Hélio ya ƙi sallamawa, yayansa Carlos ne ya jefa tawul aka tsayar da wasan. Kai wa ya jefa maka?” Na rasa amsa. Hélio yana da shekara 38 a lokacin, ƙwararre, a gaban dubban mutane, kuma duk da haka akwai wanda ya tsaya a gefe yana tsaron hannunsa.

Shi ya kai ni makaranta ta biyu bayan na warke. Ɗaki ne a saman bene, bango babu komai sai agogo. Na ce wa malamin kallo na zo yi, ya ba ni kujera. Na ga wani dattijo mai farin bel, ya kai shekara hamsin, yana rolin da wani saurayi mai bel ruwan ƙasa, matakin da ke dab da baƙi, saurayin yana bin sa a hankali. Na ga malamin ya tsayar da wasu biyu tun kafin kamun ya kai ko'ina. Darasina na farko a wurin, rabin sa'a muka yi a kan taf kaɗai: da hannu, da ƙafa in hannu ya maƙale, da baki in duka sun maƙale, da yadda ake saki nan take. Da na gaya masa tarihin kafaɗata, wata uku shi yake zaɓar mini abokin rolin.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ku biya wata-wata har sai kun san wuri. Ku shinshina tabarma, in tana wari ana iya kwasar makero. In kun ga ana murɗa wa mai farin bel diddige ku ɗauki takalmanku, ko dokar gasar IBJJF, ƙungiyar wasan ta duniya, ba ta yarda da shi ba a wannan matakin. Ku tambayi tsarinsu na azumi, masu kirki suna mayar da darasi bayan tarawihi. In ana rusuna wa hoto a bango kuma zuciyarku ba ta kwanta ba, ku faɗa tun ranar farko ku ga yadda za a karɓa. Kuma ku zaɓi wadda ke kusa da masauki, don ta nesa ba ta jure gajiyar aiki.

Shekara biyu da rabi na yi kafin malamina ya ɗaura mini shuɗin bel, kuma a tsawon lokacin ko yatsa ban karya ba, ban kuma ji wa kowa ba. Sababbin zuwa ni ake fara haɗa su da shi yanzu.

Bara na haɗu da Farfesa a Mubadala Arena ranar wata gasa. Muka yi ido huɗu a bakin ƙofa, ya kalli bel ɗina, ya kawar da kai. Cikin yaran da ke bayansa ban gane fuska ko ɗaya ba, duk sababbi ne. Ɗaya daga cikinsu, yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, gwiwarsa naɗe take da bandeji, kuma sunansa na cikin masu shiga fili a ranar.