Lodin yara zuwa kangon Caerphilly

Bas ɗaya gare ni, mai kujera 16, kuma ni ne direba, ni ne kwandasta, ni ne mai shara. A ranakun aiki ina jigilar mutane zuwa filin jirgi, Asabar kuwa ta iyalai ce, yawanci 'yan uwanmu da karatu ko aikin asibiti ya kawo Cardiff, babban birnin Wales a Birtaniya, waɗanda yara suka ishe su a cikin gida. Inda na fi kai su shi ne tsohuwar fadar yaƙi ta Caerphilly, tafiyar kamar rabin sa'a daga gari.

Da na fara wannan sana'a, haddace tarihi na yi kamar mai shiga jarrabawa. Wani basarake mai suna Gilbert de Clare ya soma ginin a 1268 don ya tare Llywelyn ap Gruffudd, yariman Wales, shi kuma Llywelyn ya zo ya cinna masa wuta a 1270, aka sake tayarwa. Duk Birtaniya ba wadda ta fi ta faɗin fili sai ta Windsor. Na tsaya bakin gada ina zuba, iyaye na gyaɗa kai don kara, yara kuwa tuni sun bi dinya da gudu. Tun daga ranar na rage baki.

Yanzu wajen wata hasumiya da ta karkace a fadar nake fara kai su, wadda karkatarta ta fi ta Pisa ta Italiya. An kafa wani ƙaton mutum-mutumin katako a gindinta, ya tokare ta da hannu biyu. Sai in ce, "To, ku taya shi kar ta faɗo." Nan za ka ga 'yan shekara huɗu sun ɗaga hannuwa suna nishi. Bayan haka ne suke tambaya da kansu wa ya karya ta, me ya sa aka kewaye gidan da ruwa. Iyayen da suka taso a Kano ba sa buƙatar dogon bayani, da na ce gwalalo ne na bayan badala aka cika da ruwa har ya zama tafki, sun gane.

Ainihin aikin dai ƙirga kai ne. Ina ƙirgawa a mota, a ƙofa, kafin hawa da bayan sauka. Matattakalar hasumiyoyin ita ce abin tsorona: a murɗe take, ga ƙunci, ga duhu, dutsen ya suɗe, in an yi yayyafi sai santsi. Yaro kan haye da gudu, saukowa ce ke gagararsa. Akwai wata 'yar shekara biyar da ta ƙame a sama, ta ce ko da wasa. Mahaifiyarta na ƙasa da goyo tana kira, "Ummi, sauko mana!" Na ce, "Hajiya, ki bar ni da ita." Na juya da baya na riga ta, ta zauna tana jan gindi tsani ɗaya bayan ɗaya, muna ƙirgawa tare, Turawa kusan goma sun yi layi a bayanta ba wanda ya ce uffan. Shi ya sa nake roƙon iyaye su bar keken jarirai a mota su ɗauko zane, goyo ya fi.

Sa'a biyu nake ba wa wurin, ba ƙari. Da an wuce haka yunwa da sanyi za su fara magana, mu ƙare da kuka. Tabarmar roba ma ba na mantawa, domin dinyoyin nan ba su bar wa ciyawar wurin tsarkin da za a yi Azahar a kai ba.

A dawowa motar kan yi tsit, duk sun yi barci, wani da takobin roba a hannu. Ni kuma in na sauke kowa a ƙofar gidansa, sai in ɗauko bokiti da burushi, don abin da ƙananan takalma suka kwaso daga bakin tafki ba ya jira sai Litinin.